Bahagon da Bai San Na Biyu Ba

An haifi Wendell Prucha bahago a wani ƙauyen Nebraska, inda masara ke raɗa da iska tun daga bakin ƙofa har inda ido ya gaji. Malamai sun yi fama su mayar da alƙalaminsa dama, suka haƙura. Hagun nan ce ta ciyar da shi har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin hula.

Sana'arsa jifa ce a wasan ƙwallon gora, inda majefi ke jefa ƙwallo maduki ya yi ƙoƙarin dukanta da gora, amma ba shi ke buɗe wasa ba. Zama yake a shingen 'yan jira can ƙarshen fili, yana ɓare gyaɗa yana kiwon gajimare da ido. Sai wasa ya yi nisa, abokan hamayya sun fito da gawurtaccen maduki bahago, sannan a kira shi. Ya karkaɗe ɓawo, ya hau tudun jifa. Ƙwallonsa ba ta da gudu, lanƙwasa take kamar lauje ta kauce wa gorar ɗan'uwansa bahago. Mutum ɗaya tak yake fuskanta. Da ya fitar da shi, koci Orval zai zo ya karɓi ƙwallo, Wendell ya wuce wanka.

"Ko zufa ba ka yi," in ji matarsa Loretta, "me kake wankewa?"

"Tunani, uwargida. Aikin a ka yake."

Ana nan sai manyan wasa suka gaji da canje-canje, suka kafa doka: duk majefin da ya shigo sai ya fuskanci mutum uku. Orval ya ja shi gefe.

"Dattijo, gurbi ɗaya ya rage, ga samari sun yi layi. Nuna min ukun nan, ko ka koma masara."

Ranar Lahadi aka kira shi. Bahagon farko ya sassari iska ya koma. Wendell ya ɗaga wa 'yan kallo hula, ya miƙa ƙwallo gefe ko dubawa bai yi ba, ƙafafunsa suka kama hanyar da suka saba. Ƙwallo ta faɗi cikin ciyawa, don babu hannun da ya zo karɓa.

"Ina zuwa, Baba?" in ji alƙalin wasa. "Da sauran biyu."

Ya dawo, amma hannun ya riga ya tashi daga aiki. Na biyu da dama yake duka, kuma lanƙwasar da ke guje wa bahago ita ce ke kai kanta har bakin gorar na dama. Ƙwallo ta tsallake katanga, abokan hamayya suka ci. Ta gaba ta bi sawunta kamar tattabara mai neman 'yar'uwarta. Da yamma Orval ya karɓe rigar wasan, ya sallame shi.

Yanzu Wendell yana shagon tayoyi na ƙanin Loretta. Da ya sallami mai saye na farko, sai ya ja kujera ya kwance ƙullin gyaɗa. Ƙanin ya yi mita har ya gaji. Yanzu ƙanin ne yake tarbar kowa, sai fa in ya ga mutum ya turo ƙofa da hagu, sannan ya waiwaya.

"Tashi, Wendell. Naka ne."