Cinikin da Malam Sake ya yi da Sista

A bakin ƙofar ajinsa suka ƙulla cinikin, ita da farin kayan asibiti a jikinta, shi da alli a hannu. Ajin kuwa garejin gidansa ne. Motar ta daɗe da tafiya, benci ya maye gurbinta.

Ta ce, "Baba Malam, na gaji da faɗuwa jarrabawar Turancin nan, kuma kullum a wurin magana nake faɗi. Karatu na ci, rubutu na ci, sauraro na ci. Amma da an zaunar da ni gaban mai tambaya an ce in yi Turanci, sai harshena ya koma katako. Asibitin da ya ɗauke ni aiki a ƙasar waje ya ce wannan zaman ne na ƙarshe, in ban kawo sakamako ba za a ba wata gurbin. Ga marayu biyu, ga tsohuwata. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ba ni da abin biyan ka."

"Wa ya yi miki maganar biya? A wane ɓangare kike aiki?"

"Ɗakin tsofaffi da masu shanyewar jiki."

Malam ya ajiye allin, ya ce ta biyo shi cikin gida. A ɗakin ciki matarsa tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sista ta gaishe ta, ta ɗaga zani ta duba bayanta, ta ga gyambon da doguwar kwanciya ta buɗe a ƙugu. Tsaki ya kuɓuce mata.

"Wa yake juya ta?"

"Ni. Yadda na iya."

"Yadda ka iya ɗin ne ya kawo wannan, Baba."

Ya ce, "To kin gani. Ke bakinki ya ƙi, ni hannuna ya ƙi. Ki gyara min bayan Mamanku, in gyara miki baki."

"Na yarda."

"Allah ya sa albarka."

Ni maƙwabcinsa ne. Bokona bai yi nisa ba, amma na tsufa a dillanci, na san ciniki in na gan shi. Da labarin ya zo kunnena na ce bawan Allahn nan bai iya ciniki ba. Ranar da ya cika nasa alkawarin, ranar zai rasa abin da ya saya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sake ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a sakandare. Da ya yi ritaya sai ya buɗe garejin nan don masu neman cin jarrabawar Turancin da ake nema kafin a ba mutum aiki ko karatu a waje. Nas-nas, masu walda, masu gyaran lantarki, matan da mazajensu suka riga su tafiya, duk sun goge bencinsa. Kullum da sassafe zai ɗora ruwan zafi, ya goge wa matarsa fuska, ya ba ta abinci da ƙaramin cokali yana mata hira ita tana binsa da ido. Sannan ya share garejin da kansa, ya goge allo, ya zauna jiran ɗalibai. Sunan kuwa su suka laƙaba masa, don bai taɓa ce wa mutum ya yi kuskure ba. Sai dai ya karkata kai ya ce, "Sake." Ka sake, ya ce sake, har ka ji kuskuren da kunnenka.

Yana da tambaya guda da yake fara tarbar kowa da ita, irin wadda ake yawan yi a jarrabawar: ba ni labarin wani malami da ba za ka manta da shi ba. A ɗan lokacin da za a ba ka, kai kaɗai za ka yi ta magana, ba mai agaza maka. Masu shirin jarrabawar kuwa suna da wata amsa da suke tura wa juna ta waya, kowa ya haddace ta kamar karatu.

Da ya yi wa Sista tambayar a gaban aji, ta miƙe, ta kafa ido a rufin ɗaki, ta zubo ta tiryan-tiryan. Wani malamin lissafi ne, dogo, mai tabarau, mai haƙuri, wanda ya ɗauke ta kamar 'yarsa.

Malam ya ce, "Ikon Allah. Malamin lissafin nan mai tabarau ya koyar da rabin garin nan, ni kuwa ban taɓa haɗuwa da shi a hanya ba. Mai waldan can ma shi ya koyar da shi. To Sista, in ya yi fushi me yake yi?"

Ta sauko da idonta daga rufin ɗakin. Ya ƙara jefo mata wata.

"Wane irin takalmi yake sawa?"

Aji ya fashe da dariya, har da waɗanda amsar ke aljihunsu. Ita kuwa idonta ya ciko. Malam ya tsawatar, ya ce mata a hankali, "'Yata, mai tambayar nan ya ji labarin mai tabarau ya fi a ƙirga. Da kin fara ya san hadda ce. Zai jefo miki wata tambaya ta gefe, ke kuma ba ki san mutumin ba, me za ki ce? Ba Turanci kika rasa ba, abin faɗa kika rasa."

Abin da ya lura da shi daga baya shi ya sauya komai. In tana zaune a benci, hannu a cinya, ba ta iya haɗa jimla. Amma in ta shiga ɗakin Mama ta naɗe hannun riga, sai ta zama wata mace daban, mai ba da umarni. Sai ya mayar da darasinta can. Ya ajiye kujera a bayan labule, ya juya wa ɗakin baya saboda tsiraicin matarsa, ya ce duk abin da hannunta ya taɓa ta faɗe shi da Turanci. Tana wanke gyambo tana faɗa, tana sa magani tana faɗa, tana naɗa bandeji tana faɗa. Daga bayan labule sai ka ji, "Sake." Ta sake. Mama kuwa in abin ya ba ta dariya sai ta riƙa buga katifa da hannunta mai lafiya.

Wata safiya ya ji an juya matarsa ba ko nishi, shi da in ya juya ta sai sun yi gumi su biyun. Ya tambaya da Turanci wa ya koya mata wannan juyin.

Ta ce wata tsohuwar metiron ce, shugabar nas-nas a inda ta fara aiki. Gajeriya, mai ƙaton agogo a ƙirji, ba ta dariya. In ta shigo ɗaki ba ta duba takarda, diddigen majiyyaci take ɗagawa ta duba, ta shinshina zanin gado. Ta taɓa sa ta kwance shimfiɗa ta sake a gaban 'yan uwan majiyyaci saboda ɗan ƙulli ɗaya a zani, ta ce wannan ɗan ƙullin shi ke cin naman mutum. Sista ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta yi rantsuwar barin aikin. Amma ranar da majiyyacinta na farko ya cika a hannunta, metiron ɗin ce ta ja ta gefe, ta miƙa mata shayinta, ta tsaya a kanta har ta shanye.

Ta yi ta zuba, tana tuntuɓe tana tashi, ta ma manta da wane harshe take magana. Malam bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta kai aya ya ce, "Ga malamarki nan."

"Ai ba malama ba ce, Baba. Ba ta taɓa shiga aji ba. Kuma wallahi lokacin ba na ƙaunar ta."

"Mai tambaya bai ce sai wadda kike ƙauna ba. Wadda kika sani yake so."

Kai ne, Malam, ka gane cewa baki ba ya nauyi a kan abin da mutum ya gani da idonsa. Kai ne ka zauna bayan labule a gidanka kamar baƙo, kana gyara harshen 'yar wani, alhali kowace jimlar da ta miƙe ƙara matsar da ita take yi zuwa ƙofa. Ka sani sarai, ba ka rage komai ba.

Gyambon ya fara tsotsewa, Mama ta yi kyan gani, har ana jingina ta da matashi ta zauna. A lokacin ne ƙanen Malam, direban babbar mota, ya zo duba su. A kan bencin ƙofar gida suka yi maganar, ina zaune, ba wani ya ba ni labari ba.

Ya ce, "Yaya, ban taɓa ganin matar nan haka ba tun da ta kwanta. Yarinyar nan maganarka take ji. Ka ce mata ba ta nuna ba tukuna, ta jira wani zaman. Wa zai kama ka?"

"In ta jira, gurbin ya tafi."

"To sai me? Ba aiki take yi a nan ba? Kai ma fa mutum ne. Duk wanda ka gyara ya kama hanya, ko waiwaye babu. Sau ɗaya dai ka riƙe naka."

Malam ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Ka ɗauka ban yi wannan tunanin ba? Kullum in na ji ta yi jimla mai kyau sai gabana ya faɗi. Amma ta nuna. In na ce mata ba ta nuna ba, za ta yarda, don ni na faɗa. Abin da ya sa ba zan faɗa ba ke nan."

Direba ya kaɗa makullinsa ya ce, "Allah ya kyauta. Karatu ya cuce ka, Yaya."

Ita ma Sista da kanta ta kawo maganar da ranar ta matso. Ta ce ko ta haƙura ne, tunda Mama ta saba da hannunta. Ya ce cinikinsu bai ƙunshi zama ba, marayunta ma suna da haƙƙi. Sai ta ce to in tambayar malami ta fito, labarinsa za ta bayar.

"Kul. Kina farawa za ki yi kuka, kuka kuwa ba a ba shi maki. Ki riƙe metiron ɗinki, ita ba ta sa mutum taushi."

Tambayar ta fito kuwa. Ta ce da ta gan ta sai ta ɗora hannuwanta a kan tebur kamar za ta gyara shimfiɗa, ta fara. Ba ta tsaya ba sai da mai tambayar ya ɗaga hannu ya ce lokaci ya cika. Da sakamako ya fito ta ci, har da rara.

Sauran kwanakin da suka rage mata, shi ya koma ɗalibi. Ta koya masa yadda ake shimfiɗa zani a ƙarƙashin majiyyaci a ja shi da shi, inda ake cusa matashi, yadda zai lanƙwasa gwiwa don kada bayansa ya tafi. Ta haɗa shi da wata abokiyar aikinta da za ta riƙa leƙowa. Wannan ɗin ta zo, ta yi aikinta tsaf, tana wanke hannu ta ce, "Baba, ni ma fa ina son zana jarrabawar nan." Bai ce mata a'a ba.

Ranar sallama Mama ta damƙe gefen rigar Sista da hannunta mai lafiya, ta ƙi saki, wani sauti yana fita daga maƙogwaronta wanda ba kalma ba ne amma kowa ya gane. Mota tana jira a waje. Malam ne ya durƙusa ya riƙa ɓamɓare yatsun matarsa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Sake ta, uwargida. Sake ta ta tafi, 'yar mutane ce."

Bayan tafiyarta gyambon ya dawo. Mai irin wannan ciwo ba a barin ta a gefe guda ta daɗe, shi kuma ba zai iya raba kansa tsakanin gareji da ɗaki ba. A watan da ya wuce ya tara ɗaliban da suka rage, ya ba su haƙuri, ya kira kafinta ya kwashe bencin. Yanzu in ka wuce da hantsi za ka gan shi yana shanya zannuwan gado a igiya, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Sista tana kiran waya duk mako, a kara wa Mama a kunne ta yi ta saurare.

Mun gode, Malam Sake, mai buɗe bakin da tsoro ya ɗaure. Allah ya ba uwargida sauƙi, ya ƙarfafa maka baya, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba. Ku kuma da kuka zauna a bencin nan kuke can kuna zuba Turanci a asibitoci da masana'antun wasu, ku sani yana nan da rai, ƙofarsa ba ta sauya ba. In kun zo ganin gida ku tako, in ba ku zo ba ku aiko ƙannenku su kama masa juyi ko na yini guda. Masu koyarwa kuma ku duba, ku gaya wa ɗalibi gaskiyar inda ya kai, ko da gaskiyar za ta raba ku da shi.

In aka zo rabon ciniki, Sista ta ci riba, marayunta sun ci. Wasu tsofaffi a wata ƙasa, da ba su san da zaman Malam a duniya ba, sun samu hannun da ya iya juya su ba ciwo. Asibitinmu ya rasa nas, layinmu ya rasa aji. Mama ta fi kowa asara, ita da ba a tambaye ta ba. Shi kuwa da na ce masa ya faɗi a cinikin nan warwas, sai ya ce, "Na faɗi, maƙwabci." Ya ɗauki bokitinsa ya shiga ciki, lokacin juya ta ya yi.