Bappa Hammadu ya tafi kotu da bargonsa

Alƙali ya dubi ƙatuwar jakar da ke gefen ƙafar Bappa Hammadu, ya ce, "Baba, me ke ciki?"

"Bargo ne da maganin hawan jinina, ranka ya daɗe. An ce daga nan gidan yari za a wuce da ni."

Maƙwabcina ne a Rumde, ni na rako shi. Tun da rikici ya koro shi daga Mubi ya karɓi injin markaɗe bashi. Da ya kasa ci gaba da biya, mai injin ya maka shi a kotu a Jimeta.

Alƙali ya ce, "Bashi ba sata ba ne, Baba. Kana da damar faɗin abin da ka biya, ka kuma nemi sassauci."

Ya faɗa, mai injin bai musa ba. Aka cire, aka tsara masa biyan sauran wata-wata.

A cikin keke ya ce in kira matarsa, a sa da shi a tuwo.

Mutum nawa kuka sani da suka gudu daga sammaci saboda irin wannan tsoron?