Bokitin Tumbin Kakana

Jiya ina kan zemijan, wato babur ɗin haya, warin kwata ya bugi hancina, sai na tuna kakana, tsohon mahauci.

Shekarar da zai rasu na faɗa masa, kaina a ƙasa, cewa kullum ina tuba daga gulma, kullum ina komawa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya jawo bokitin ruɓaɓɓen tumbi ya ce, "Shinshina." Ƙudaje suka tashi, na yi amai a kan takalmina.

"Abin da kake taunawa ke nan a bencin mai shayi, ɗan boko. Kana istigfari kana komawa bencin? Canza hanya."

Har yau ta bayan masallaci nake zagayawa don kauce wa bencin, kuma da an ɗauko zancen wani sai zuciyata ta tashi. Allah ya cika kabarinsa da ƙamshin Aljanna.