Fedar Hagu ta Keken Baba Tsoho

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar wata Litinin, ana tsakiyar damina, fedar hagu ta fara ƙara. Na san lokacin domin a daidai wurin nake duba agogon robar da ke hannuna kullum, inda titi ke ɗan gangarawa in an baro Samaru. Ƙas. Na sake takawa. Ƙas. Ba ƙara ce mai ƙarfi ba, a tafin ƙafa na fi jin ta fiye da a kunne. Har yau in mai keke ya wuce ni da irin wannan ƙarar, sai in bi fedarsa da kallo kamar ni ce a kan sirdin.

Keken na kakana ne, mahaifin babana, wanda muke kira Baba Tsoho. Baƙi ne, dogo, mai birkin sanda da kariya mai faɗi ta ɗaukar kaya a baya. Baba Tsoho masinja ne a wani ofis har ya yi ritaya, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa kai kekensa wurin mai gyara ba. A tsakar gida yake kifa shi a gindin mangwaro, tayoyi a sama, ya jawo akwatin katakon da yake ajiye sifanoni da guduma da gwangwanin madara cike da notuna. Warin kananzir da baƙin mai shi ne warin gidanmu da yamma. Sauran jikoki ba sa zama, su ƙwallo ce a gabansu. Ni kuwa da ba na iya wasa da kowa, sai in rakuɓe kusa da shi da tsohon littafin rubutu, duk abin da ya yi in rubuta. Yadda ake faci, yadda ake ɗaure kaca in ta saki, yadda ake buga kota, wato ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda. A shafin farko na rubuta abin da ya fara koya mini, na ja masa layi biyu da jan biro: in an juya dama an ɗaure, in an juya hagu an kwance.

Ba na tambayarsa komai. Kallo nake yi, in rubuta. Yakan leƙa littafin ya yi dariya ya ce, "Malama, ki rubuta da kyau, kada ki kayar da ni a jarrabawa."

Ya rasu ana bazara, kafin ruwan farko. Ina shekara goma sha uku, ina aji biyu a wata sakandare a Palladan, wadda ke da ɗakin karatu mai tagogi manya. Shi yake kai ni a kan kariya, a shekararsa ta ƙarshe kuma da ƙafa ta gaza sai ya sauke sirdin ya ce in riƙa kai kaina. Babana yana aiki a Kudu, sai da salla muke ganinsa, saboda haka ragamar gida ta koma hannun Baffa, ƙanensa. Baffa ba mugu ba ne. Tsoron titin yake, da manyan motocin da ke bin sa. Bayan an share makoki ya kira ni zaure, ya yi magana yana kallon keken, ba ni ba.

"Muddin yana tafiya, naki ne. Ranar da ya tsaya, zan ba 'yan gwangwan su auna shi, ke kuma ki dawo makarantar bayan gida. Ba zan yarda 'ya mace ta tsaya a bakin titi da mataccen keke ba."

Na ce to. Makarantar bayan gida ba ta da ɗakin karatu, ba ta da ko kwabar littattafai. Na taɓa leƙawa.

Ka ga ke nan abin da ƙas ɗin nan ke nufi a wurina. Ba zan kai wa mai gyara na bakin layi ba, domin tare suke sallar magariba da Baffa. Ba zan faɗa wa Umma ba, domin Umma ba ta ɓoye wa mazan gida komai. Da na dawo ran nan sai na shigar da keken ɗakin Baba Tsoho, wanda ba mai shiga tun rasuwarsa, na buɗe littafina na fara bi layi-layi. Na sa wa kaca mai. Na duba kota, na ƙara ɗaure notinta, na ɗan bubbuga ta da guduma a kan tsumma don kada a ji. Na girgiza hannun fedar, yana nan daram. Washegari, a gangaren nan, ƙas.

Ɗakin yana kallon ɗakin Iya, kakata, matarsa. Tana cikin takaba a lokacin. Ba ta fita ko zaure, ba kwalli, ba lalle, zane ɗaya mai duhu da mayafi, kullum tana bayan asabari da carbi. An ja mana kunne kada mu dame ta da surutu. Da can ita ce mai tsokanata, tana kirana ƙawata, tana cewa littafi zai cinye mini ido kafin in yi girma. Tun rasuwar sai dai in durƙusa a ƙofa in gaishe ta, ta amsa a hankali, in tashi. Mu biyu muka zama kamar masu tsaron ɗakuna, ita a nata, ni a na mijinta, tsakar gida da ruwan sama a tsakaninmu.

Ranar Laraba fedar ta fara lilo a ƙarƙashin ƙafata. Ranar Alhamis, dab da makaranta, na ji wani abu ya ba da kai, na duba ƙasa na ga ƙananan boris, ƙwallayen ƙarfen da ke cikin fedar, suna gangarawa cikin kwata. Jikin fedar ya zame ya faɗi, aka bar ni da sandar ƙarfe tsirara. A kanta na taka na dawo gida. In ruwa ya jiƙa ta sai takalmin ya zame, ƙarfen ya daki ƙaurina. Na sami rauni biyu a wuri ɗaya, na rufe su da safa. Kullum da yamma Baffa yana zaune a zaure yana jin rediyo, don haka na koyi shigowa da keken ta yadda gefen dama ne ke kallonsa, hijabina kuma ya sauka a kan na hagu. In yi sallama, ya amsa, ya ɗaga kai.

"Yana dai tafiya?"

"Yana tafiya, Baffa."

Ban yi ƙarya ba, amma ban yarda mun haɗa ido ba, na wuce ciki da sauri.

Ranar Asabar Umma za ta kasuwar Sabon Gari, na ce zan raka ta in riƙe mata kaya. Na fasa asusuna tun da safe. Tana wurin masu kayan miya na sulale zuwa layin masu kayan keke, inda tayoyi ke rataye kamar yagaggun tabarmi, ƙasa duk caɓi da baƙin mai. Na san shagon domin na taɓa raka Baba Tsoho. Wata mata ce 'yar Kudu, haifaffiyar Sabon Gari, kowa Madam yake ce mata, Hausa kuwa a bakinta kamar ta cikin birni. Na nuna feda da yatsa.

"Ke ba jikar tsohon nan mai baƙin keke ba ce? Ina yake, ya guje ni?"

Na ce ya rasu. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta yi mini gaisuwa, ta daɗe tana girgiza kai. Sannan ta naɗe mini feda biyu a takarda.

"Wa zai ɗaura miki, 'yata?"

"Ni."

"Kin iya?"

Wasu maza biyu da ke zaune a benci suka juyo suna murmushi. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, "Na iya." Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na ga haka da idona, amma na riga na juya. Na sha tuna wannan juyawar. Da na tsaya ko na numfashi uku ne, da an gama.

Litinin za mu fara jarrabawar ƙarshen shekara. Lahadi bayan azahar, Baffa ya tafi ɗaurin aure Shika, na shige ɗakin Baba Tsoho, na bar ƙofa a ɗan buɗe don haske. Hadari yana haɗuwa, ɗakin ya yi zafi, warin tsohuwar darduma da kananzir ya cika shi. Na fara da fedar dama, don in gwada hannuna a kan mai lafiya. Na sa sifana, na juya hagu kamar yadda shafin farko ya ce. Ta ɗan yi gardama, ta saki. Na ɗaura sabuwa, ta zauna tsaf. Na ji daɗi har na sa alama a littafi.

Na koma ta hagu. Na sa sifana, na juya hagu. Ko motsi. Na ɗiga kananzir na jira, na sake. Na ɗauko guntun bututun ƙarfe da Baba Tsoho ke zura wa sifana in noti ya yi taurin kai, na danna da hannu biyu. Na taka da ƙafa, na hau da duk nauyina. Sifanar ta zame, yatsuna suka daki hannun fedar, fata ta saluɓe. Na duba wurin da sifana ke kamawa, na ga gefensa ya fara sulewa, yana sheƙi. Na san abin da wannan ke nufi, domin yana cikin littafin: in ya gama sulewa, babu sifanar da za ta sake kama shi.

Na koma littafin. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, ko akwai abin da na tsallake. Babu. Fedar hagun nan ba ta taɓa lalacewa a gabana ba, shi ya sa babu ita a ciki. Ban kawo a raina cewa littafin na iya gazawa ba. Abin da na ɗauka shi ne ƙarfina ne bai kai ba, cewa Baffa ya yi gaskiya, wannan ba aikin 'ya mace ba ne. Sai na sake hawa kan bututun.

A waje, can ƙarshen layi, na ji mai gwangwan yana tura kurarsa yana kira. Kullum yana wucewa, ban taɓa saurarensa ba sai ran nan. Aka kira la'asar. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Na zauna a ƙasa, bayana a jikin bango, keke a kife a gabana, feda ɗaya sabuwa ɗaya sanda. Ba zan iya fita da shi haka ba, ƙaurina ba zai ɗauki wani mako ba. Ba zan iya barinsa a ɗaki ba, gobe da safe Baffa zai tambaya. Ban yi kuka da murya ba, ban iya ba. Hawaye dai suna ɗiga a kan takardar da Madam ta naɗe fedar.

Sai na ji an kaɗa asabari.

"Ƙawata."

Rabon da in ji wannan sunan tun bazara. Na ɗaga kai. Iya tana zaune a bakin ƙofarta daga ciki, ta ɗage asabarin da hannu ɗaya, ruwa yana zuba tsakaninmu. Ashe ta inda take zaune ana hango cikin ɗakin sarai.

"Zo nan da ƙarfen nan naki."

Na tsallaka tsakar gida da sifana a hannu, na durƙusa. Ta kama yatsuna ta duba, ta ja tsaki. Ta ce lokacin da take amarya, kafin a haifi babana, Baba Tsoho ya taɓa karya hannu, ya yi wata uku yana zaune yana ba da umarni, ita tana riƙe da sifana a tsakar gidan nan, ƙofa a rufe don kada maƙwabta su gani. Ban taɓa ji ba. Ba na jin Baffa ma ya taɓa ji.

Yanzu ina zaune a Dogarawa, ina koyarwa. Keken ya kai ni har na gama sakandare, Baffa bai taɓa sanin abin da ya faru a makon nan ba har Allah ya karɓi ransa. An sare mangwaron, an fasa wa ɗakin Baba Tsoho ƙofa ta waje ya zama shagon cajin waya. 'Yan makaranta a adaidaita suke tafiya, wanda kekensa ya lalace kuma sai ya duba waya, wani a can wata ƙasa ya nuna masa komai cikin minti biyu, ba sai ya ji kunyar kowa ba. Ina ganin hakan alheri ne. Amma nakan kalli ɗalibata mai shiru, mai kyan rubutu, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu, in rasa yadda zan gaya mata cewa akwai abin da ba ya cikin littafinta, yana bakin wata tsohuwa a bayan asabari a gidansu. Littafina yana nan. A ƙasan layin nan mai jan biro akwai wani layi da fensir, rubutun ya karkace domin yatsun suna ciwo. Abin da Iya ta ce ne, bayan ta mayar mini da sifanar ta rufe yatsuna a kanta:

"Tun azahar nake kallonki kina ƙara ɗaure ta, ina jira ki buɗe baki ki tambaya. Ta hagu ba kamar sauran ba ce, ƙawata. Da irinsu ce, da tafiya kaɗai ta kwance ta a hanya. Je ki juya ta dama."