Shuka Cikin Takaba

Kwana ashirin da uku da rasuwar maigidana aka yi ruwan shuka a Kwandiko. Ina kwance a ɗaki ina jin ƙanshin ƙasa, ko motsi ban yi ba. Tun ranar da aka fita da shi haka nake, in yi salla in koma tabarma. Yara huɗu ya bar mini, da gona guda a bayan gari. Addu'ata a lokacin, Allah Ya yafe mini, ita ce Ya ɗauke ni in huta.

Da hantsi sai ga wan mijina. Daga bakin ƙofa ya tsaya, ya ce tunda mai takaba ba ta fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma, zai ba wani abokinsa aron gonar bana. Na san irin wannan aron. Na ga gonakin marayu da aka ba da aronsu a garin nan, har marayun suka yi gemu ba su dawo ba.

Da la'asar malamarmu ta Islamiyya ta leƙo gaisuwa. Ban yi kwana-kwana ba.

"Malama, Allah ne Ya hana ni fita, ko mutanen gari?"

Ta ce, "Kwalliya ce babu, kuma a ɗakinki za ki riƙa kwana. Amma in buƙata ta kama, ki fita da rana ki dawo, ba laifi."

Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin daɗi. Ashe duk kwanakin nan ruɓewa nake a tabarma, ina kiransa haƙuri.

Gari na wayewa na zura tsohon hijabina, na ɗauki sungumi da ƙwaryar irin gero. Surukata, Inna, tana tsakar gida tana jan carbi.

"Ina za ki?"

"Gona, Inna."

"Ɗana ko arba'in bai yi ba za ki ja mana zagi a gari?"

"Inna, masu zagin ba za su aiko wa jikokinki tuwo ba."

Na wuce. A hanya mata suna leƙe ta saman zana. Wata ta ce ai dama mu 'yan Birnin Kudu idonmu a tsaye yake. Na ji ta sarai, na juya na ce mata ina kwana.

Gaskiyar magana, ban iya shuka ba. 'Yar tela ce ni, iyakata da gona kai abinci. Sara kawai nake da iya ƙarfina, ina kuka, ina cewa: Ya Allah, Kai Ka bar ni da rai, to ga ni, Ka ba ni ƙarfin abin da Ka bar ni dominsa. Rabon da in roƙi wani abu ban da mutuwa har na manta. Kafin rana ta ɗaga tafin hannuna ya yi bororo.

Can na hango Inna tafe tana dogara sanda. Na ce shi ke nan, ta zo mayar da ni gida, na shirya mata amsa. Ba ta ko dube ni ba, ramukan da na sara take bi da kallo.

"Wannan ramin shuka ne ko kabari?" in ji ta. Muryarta ta karye a kalmar. "Gero in kika binne shi haka ba zai fito ba. Sassauta hannu. Miƙo ƙwaryar."

Ina sara, tana zuba iri tana rufewa da diddige. Mun ci kusan rabin gonar sai ga wan mijina da abokinsa, kowa da sungumi a kafaɗa. Suka ja suka tsaya a bakin iyaka. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta riga ni, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ku koma," ta ce wa ɗanta. "Gonar nan da masu ita."