Ɗakin Alhaji Bawa na Bakin Teku

Ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Bawa ya kore ni daga ɗaki a gaban mutanen da bai fi kwana uku da saninsu ba. Lokacin na yi shekara goma sha bakwai ina yi masa aiki. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan gara ku ji daga bakina.

Ga wanda bai sani ba, malamin Alhaji a harkar albasa shi ne mai rubuta takardar lodi, mai tsayawa a kan buhuna in ana ɗora wa tirela a Aliero, mai magana da 'yan kasuwar kudu a waya. Alhaji bai yi boko ba. Duk inda Turanci ya shigo, ni ne kunnensa, ni ne bakinsa.

Cikin damina ne, watan Agusta, kasuwa ta lafa. Wani kamfani ya kira wayar Alhaji, shi kuma ya miƙo mini. Wai an zaɓe shi cikin manyan 'yan kasuwa, za a ba shi kwana huɗu kyauta da iyalinsa a wani otal na bakin teku can gaba da Legas, ci da sha duk a kansu. Sharaɗi ɗaya ne, ya zauna awa ɗaya da rabi ya saurari bayani. Na ce masa wannan kyauta ba ta kwanta mini ba. Ya ce tun yana saurayi yake tura albasa Legas, bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Muka kama hanya, shi da matarsa Hajiya Tumba, ni ke tuƙi.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Alhaji ya naɗe ƙafar wando ya tsaya ruwa na dukan ƙwaurinsa, ya ce ashe gulbinmu na Jega kwata ce. Abinci kuwa kafin ka gama wannan an kawo wancan. Na lura duk farantin da aka ajiye sai Alhaji ya ƙara yin laushi. Mutum ne mai kara. In ya ci abincinka, ba ya iya duban idonka ya ce a'a, kuma kamfanin nan da wannan suke cin kasuwa.

Rana ta biyu aka zuba mu a motar otal, wai za a kai mu sayayya cikin gari. Shago uku kacal aka tsaya, duk masu ƙofar gilashi, kuma ina kallo mai shago yana yi wa direban ido. Hajiya ta taya wani leshi, aka faɗa mata kuɗin da ya ninka na kasuwar Jega, aka ce nan ba a ciniki. Ta ajiye. Ta ce shagon da ba a ciniki a cikinsa ba shago ba ne, ofishin haraji ne. Muka dawo da tsarabar jikoki kaɗan, ni kuma na dawo da tabbacin cewa a hannun dillalai muke tun daga ƙofa.

Rana ta uku da hantsi aka shigar da mu ɗakin bayani. Wani mai kwat ya zauna gabanmu da hotuna. Awa ɗaya da rabin nan ta zama awa huɗu, azahar ta yi, Alhaji na jin nauyin tashi. Abin da mutumin ke nanatawa shi ne Alhaji zai mallaki ɗaki mai lamba goma sha huɗu, mai kallon teku, har 'ya'yansa su gada. Alhaji ya fara lissafin sayar da fadamarsa ta Fagada, wadda muke samun albasar farko daga cikinta kowace shekara.

Na karɓi takardar na karanta ƙananan rubutun. Ba ɗaki suke sayarwa ba. Mako ɗaya ne a shekara, kuma namu ya faɗo cikin watan Maris, tsakiyar cirar albasa, lokacin da Alhaji ko bikin ɗan'uwansa ba ya zuwa. Sannan duk shekara akwai kuɗin gyara, ka zo ko ba ka zo ba, kuma shi ne abin da 'ya'yan za su gada.

Mai kwat ya ga inda yatsana ya tsaya. Ya ja ni gefe wai zai nuna mini wurin alwala. Ya ce kada in wahalar da tsoho da zancen makonni, in ce masa ɗaki nasa ne kawai, akwai ambulan ɗin kuɗi da aka tanadar wa masu fassara. Mu a kasuwa dillali na karɓar la'adarsa a fili, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Wannan kuwa so yake in sayar da ubangidana a bayan ƙofa. Na dawo na zayyana wa Alhaji abin da ke cikin takarda.

Nan take suka kira wani ma'aikacinsu mai jin Hausa, da hula da carbi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, malaminku bai fahimci Turancin ba ne. Irin na manyan takardu daban yake." Na ce ƙarya yake yi. Na faɗa da ƙarfi, har mutanen sauran tebura suka juyo.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Lawali, mutane sun ba mu wurin kwana, munka ci munka sha, kai ko kana ƙaryata su gaban jama'a? Hita waje."

Na ce, "Ranka shi daɗe, shekara goma sha bakwai..."

Ya ce, "Na ce ka hita."

Na fita. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tsayuwar ba. Na sha kwana a bakin tirela ina gadin kayansa, ko albasa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, amma mai hula da carbi na minti biyar ya fi ni gaskiya.

Hajiya ta biyo ni ta ce, "Malam Lawali, hwaɗa mini tsakani da Allah, mi takardar ta ce?" Na faɗa mata, har da zancen ambulan. Ta gyara mayafi ta koma ciki, ni ina bakin ƙofa ina ji. Ba ta ƙaryata kowa ba. Cewa ta yi, "Alhaji, ko hwadamar Fagada ba ka biya ba sai da ka taka iyaka, ka gaisa da maƙwabta. Wanga ɗaki ba a yi mai haka?"

Wannan ta shige shi, don a wajenmu ba a sayen gona ko shago sai an je an gani, an ji daga bakin na kusa, kuma ba wanda zai kira hakan rashin kunya. Alhaji ya miƙe. Mai kwat ya ce ana shara a ɗakin, mai hula ya ce ga hotuna. Alhaji dai ya sa takalmi ya nufi bene, ya ce in biyo shi.

Ya yi sallama a ƙofar lamba goma sha huɗu. Wani dattijo Bayarabe ya buɗe, matarsa na zaune a kan gado. Alhaji ya ce in gaya masa shi ne zai sayi ɗakin, ya zo ganin wuri. Dattijon ya yi dariyar takaici. Ya ce shi ma ya saya, wannan makonsa ne, ranar Asabar zai kwashe kayansa wani ya shigo. Ya ce ya daɗe yana neman wanda zai karɓa ko a kyauta, don ya huta da kuɗin gyara. Na fassara kalma bayan kalma, ban rage ba, ban ƙara ba.

Alhaji ya juya wajen mai hula ya ce, "To in na tahi gida, ina nika barin butata da dardumata?" Mutumin ya fara kame-kame. Alhaji ya ce, "Ɗakin da ba ka barin buta ciki ba naka ba na." Ko kwana na huɗun ba mu cika ba. Da asuba muka ɗauko hanya.

Sai da muka kusa Maiyama, daf da gida, Alhaji ya ce mini, "Nawa sunka ce za su ba ka?" Ashe Hajiya ta gaya masa. Na ce ban tambaya ba. Muka ƙarasa Jega.

Alhaji Bawa bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin na nan a raina. Amma abincin da ya ci bai bar shi ya sake ba. Da muka yi lodin farko bayan dawowarmu ya ce a ware buhu biyu a kai wa otal ɗin, kada a ce ya ci na mutane ya gudu. Ya kira ni gaban ma'aikata duka ya ce, "Lawali, kai za ka cika su da hannunka. In sun zazzage, su iske na ƙasa awa na sama." Wato kada a ɓoye ƙanana a ƙasa a rufe da manya a sama.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Duk ranar da aka sa ku tsakanin ubangidanku da takardar da ba ya iya karantawa, ku zazzage masa buhun har ƙasa, ko da zai kore ku waje. Fadamar Fagada tana nan. Tirelar da kuka yi wa lodi shekaranjiya, albasarta ce.