Ciwon Ƙafar Inna

A shekarun da gwamnati ta buɗe firamare a kowane ƙauye aka tura maigidana koyarwa Zandam, ni kuwa aka bar ni a Kangire wajen mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Inna. Ƙarshen wata kawai yake zuwa a kan babur ɗinsa, ya kwana biyu ya koma. Shekara uku da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Duk sunan da aka yi a unguwa ni ce mai daka, ni ce mai goyon 'ya'yan mutane.

Zuwansa kan dace da kwana ɗaya ko biyu bayan na yi wankan tsarki. Tsofaffin gidanmu suka ce ai na yi sa'a, lokacin ne mahaifa take buɗe. Saiwa kuwa na sha har harshena ya daina sanin ɗaci.

Ranar wata kasuwa Inna ta ja ni asibiti a Birnin Kudu. Muka sami wata nas, gajeruwa mai faɗa, ta tambaye ni kwana nawa al'adata take zagayowa. Wannan ai ko daga barci aka tashe ni na sani, saboda salla. Na ce talatin. Ta ce yaushe maigidan yake zuwa? Na sunkuyar da kai na faɗa mata. Sai ta kwashe da dariya.

"Yarinya, ƙwan mace sau ɗaya yake fita, kamar sati biyu kafin jini na gaba. Ki ƙirga daga ranar da kika fara gani: tun daga ta goma sha ɗaya zuwa ta sha bakwai, nan ake dacewa. Mijinki yana shuka ne kafin ruwa ya sauka."

A mota na rasa inda zan sa kaina. Da wane baki zan aika wa Malam, maigidan nawa, cewa ya zo ranar kaza? Da kwanakin suka matso, sai Inna ta tambaye ni, tana kallon wani wajen, "Yau nawa?" Na ce goma. Nan take ta ɗaure gwiwa da tsumma, ta aika direban motar Gwaram da ke bi ta Zandam ya gaya wa ɗanta ƙafarta ta tashi.

Ya iso hankali tashe, da man zafi a aljihu. Inna ta yi nishi, ta ce ya kwana uku tukuna ta ga yadda ƙafar za ta yi. Wata huɗu a jere ƙafar nan tana tashi. Wani zuwan ma ta manta, sai ta ɗaure ta hagu, har Malam ya ce, "Inna, ba ta dama ba ce?" Ta ce, "Ciwo yawo yake yi, kai dai zauna." Na gudu madafa na toshe baki da zane.

A wata na biyar na yi kwana arba'in ban yi fashin salla ba. Ban gaya wa kowa ba, tsoro nake ji in faɗa ya zama ba shi ba ne. Da safe ina dakan gero, sai na ji an riƙe taɓaryar ta baya. Inna ce, idanunta sun cika da hawaye.

"Kawo nan," ta ce. "Daga yau ni zan daka."